Ultron ya cancanci kallo kuwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Avengers: Age of Ultron ya cancanci ka ƙona kuɗin intanet ɗinka, tunda ka ji ana kushe shi. Mu a fadarmu ta Bukoki, nan Yamai, sai da aka sha shayi na uku musu bai ƙare ba.

Fim ne na 2015. Biyu daga cikin jaruman, Tony Stark da Bruce Banner, suka ƙirƙiro mutum-mutumi Ultron don ya tsare duniya, shi kuwa ya ga maganin rikici kawai a shafe 'yan Adam. Masu kushewa sun ce a talla dodo aka nuna musu, da suka kalla sai ga mutum-mutumi mai shegen barkwanci. Ni nan ne ma ya burge ni. Bakin Stark ya gado, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya rarrafa. Sai dai ka nemi na Turanci mai muryar James Spader, wanda ya fito a Ultron, don fassarar Faransanci ta rage masa armashi.

Inda na bi bayansu: jarumai sun yi yawa. Jarumin da ya mutu a Sokoviya, ƙasar da aka yi yaƙin ƙarshe a fim ɗin, ko sabawa ba mu yi da shi ba, balle mu ji zafi.

Ka kalla, amma fara da Avengers na farko, na 2012.