Wa ke yanke hukuncin wanda ya waye?

Malam, ka tambaya ko da gaske tarihi kokawa ce tsakanin wayayyu da marasa wayewa. A ganina, mai riƙe da alƙalami shi ke raba sunayen. Girkawa sun saka Farisawa a sahun baren da ba su waye ba, alhali daular Farisa na da babbar hanya mai zangon 'yan aike tun daga birnin Sardis (a Turkiyyar yau) har birnin Susa (a Iran ta yau).

Dubi Rum kuma. Alaric, sarkin ƙabilar Goth da Rumawa ke ɗauka bare, wanda ya washe birnin a shekarar 410, Kirista ne, ya ma taɓa yi wa Rumawa yaƙi. Cikin buƙatunsa har da muƙamin soja da ƙasar da mutanensa za su zauna.

Marubuta kan yi gugar zana da baren ma. Wajen shekarar 98 miladiyya, Tacitus, marubucin tarihi Barume, ya yabi kamun kan ƙabilun Jamus don ya kunyata manyan Rum.

Ni dai bayanin Ibn Khaldun a Muƙaddimarsa ta 1377 ya fi kwanta mini: mutanen jeji masu asabiyya (wato ƙarfin haɗin kan dangi) su ci birni da yaƙi, jin daɗi ya kashe wa jikokinsu jiki, wasu su taso daga jeji su ture su.