Kuɗin ruwa ya ninka a Agege: wa za mu tuhuma, kuma ko mu huda bututu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni magidanci ne a Agege, ina gidan haya da iyali da yara shida. Kuɗin jarka a wajen mai kura ya ninka, ruwan leda ma ya tashi, famfon layinmu kuwa sai ya yi makonni bai kawo ba, amma takardar biyan kuɗi ba ta fashi. Matasanmu sun fusata, suna so a yi karo-karo a kira mai gyaran famfo ya huda babban bututu da dare ya jawo mana. Wasu kuma sun koma wata rijiya mai araha, suna cewa ai ruwanta garau yake. Wa ya kamata mu tuhuma, kuma akwai matsala idan muka bi shawarar matasan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fushinku yana kan hanya, kuma ba yau Legas ta fara shi ba. Tun a 1908 mutanen garin nan suka kafa ƙungiya don adawa da harajin ruwa na Turawan mulkin mallaka, kafin ma a buɗe matatar ruwa ta Iju a 1915. Sai dai ina roƙonku kada ku sauke fushin a kan mai kura, wanda galibi ɗan'uwanmu ne ɗan cirani. Sayen ruwan yake yi a wajen mai rijiyar burtsatse, shi kuma mai rijiyar da janareta ko lantarki yake ɗago shi. An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, a Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin lantarkin rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kan kowane yunit, saboda haka dole jarka ta tashi. Ruwa ba ya tsami banza.

Tushen matsalar shi ne ruwan gwamnati bai isa ba. Alƙaluman da aka daɗe ana ambatowa daga tsarin Hukumar Ruwa ta Jihar Legas sun nuna cewa matatunta duka, har da Iju da Adiyan, za su iya tace galan miliyan 210 ne a rana, alhali ana buƙatar miliyan 540. Kashi na biyu na Adiyan, wanda zai ƙara galan miliyan 70, an fara shi tun 2013, aka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Wannan giɓin ne ya jefa talaka hannun ɗan kasuwa, har ya zama ɗan haya yana sayen lita da tsada fiye da mai famfo a cikin gida. Wanda ke aiko da takardar kuɗi ba tare da ruwa ba, shi ne za a tambaya. Ku adana takardun da rasit, ku rubuta ranakun da famfo ya kawo da waɗanda bai kawo ba, ku nemi a sa muku mita maimakon lissafin kintace, sannan ku rubuta koke guda da sa hannun dukan masu gidajen layin. Ku kai wa ofishin hukumar na yankinku, ku kai kwafi ga LASWARCO, hukumar da dokar ruwa ta 2004 ta tanada don sa ido kan farashi da inganci, kuma kada ku fito sai an buga muku hatimin karɓa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne maganar nan ta cewa ruwa garau yake. Kullum sai na ji ta, daga Mile 12 har Idi-Araba, kuma ta kai yara da yawa asibiti. Ƙwayar kwalara da ta taifot ido ba ya ganinsu, hanci ba ya jin warinsu, harshe ba ya ɗanɗanonsu. Kofin da ke ɗauke da su yana iya fin ruwan famfo haske. Wani dattijo ya taɓa ce mini ai malamai sun ce ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su canja ba mai tsarki ne. Na ce masa gaskiya ne, Baba, amma wannan hukuncin alwala ne da wanka, malamai ba su ce duk ruwan da ya halatta a yi alwala da shi ya kuɓuta daga cuta ba. Addinin da ya koya mana tsarki shi ne ya hana mu cutar da kanmu da wasu.

Ku dubi inda rijiyar take. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar kimanin mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai, to a gidajen haya da ke manne da juna ina za a samu wannan tazara? Ga shi a sassa da yawa na Legas ruwan ƙasa yana kusa, da damina kuma kwata takan cika ta malala. Masu jefa alif su ce sun gyara ruwa su ma suna yaudarar kansu, domin alif laka yake kwantarwa, ba a dogara da shi wajen kashe ƙwayar cuta. Akwai ma gurɓatar da tafasawa ba ta magance ta: mutanen Baruwa, kusa da Ipaja, sun shafe shekaru rijiyoyinsu na warin fetur saboda yoyon bututun mai.

Huda bututu kuwa ya fi rijiyar haɗari, ban da kasancewarsa laifi a doka. Masu wannan aikin na dare siririn bututun roba suke bi da shi ta cikin kwata, su ɗaure mahaɗa da tsohuwar robar taya, su karɓi kuɗinsu su tafi. Muddin akwai ruwa da ƙarfi a ciki, yoyon waje yake fita. Da zarar an ɗauke ruwa, ko wani ya kunna injin zuƙo, sai bututun ya shiga tsotsar abin da ke kewaye da shi, ruwan kwata ya shiga babban layi, ya isa gidan da bai san an yi hudar ba. Matasanku za su ɗauka hukuma suka hukunta, alhali jaririn maƙwabcinsu ne zai sha. Ba mu manta da Yunin 2024 ba, lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas, ta fi tsanani a Tsibirin Legas, aka rasa rayuka. Ka karanta musu wannan a masallaci, ka tambaye su wanda zai iya tsayawa gaban Allah da alhakin ran yaro saboda kuɗin jarka.

Kafin kokenku ya samu amsa, ku raba ruwan gida biyu. Na rijiyar a bar shi ga wanki da shara. Na sha da girki da wanke kwanon yara a tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin bisa ma'aunin da ke jikin kwalbar a jira minti 30, a zuba a jarka mai murfi wadda ba a tsoma kofi a ciki. Ruwan leda a duba lambar NAFDAC da adireshin kamfani. Kuɗin da aka so a tara wa mai huda, a ɗebi ruwan rijiyar da shi a kai ɗakin gwaje-gwaje. Idan kuma wani ya fara gudawa fara kamar ruwan shinkafa, a soma ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a tafi da shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.