Tunkiyar suna

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Allah Ya raya jaririya. Na karanta wa Innarki, ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa sai na yi jim. Wai dole ne a gidanmu sai an ba jariri tunkiya ranar suna? Ba gara a sayi hannun jari da kuɗin ta waya ba, tunda gidan haya kuke, ba wurin turke?

Lokacin da na kama aikin gwamnati a Kaduna, naira ta fi dala daraja. Sai ga SAP, shirin gyaran tattalin arziki, a 1986, zamanin Babangida. Aka rushe hukumomin sayen gyaɗa da auduga, aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin shekara ta ƙare dala ɗaya ta haura naira 3. Aka ce an buɗe ƙofa ne don jarin waje ya shigo. Kakanki, Allah Ya jiƙansa, ya ce ƙofar da baƙo ya shigo ta nan yake fita, kuma ba lallai ya yi sallama ba. Muka ɗauka maganar tsofaffi ce.

A 2004 Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya ce kowane banki ya tara naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, kowa na tallan hannun jari. Ba na manta wata Litinin a 2007. Na je Zariya na sayar da shanu biyu da tumakin da Baba ya bar mini, na naɗe kuɗin a aljihun 'yar ciki, na shiga layin sayen hannun jari a wani banki tun hantsi. Ga malaman makaranta, ga 'yan fansho, ga wata dattijuwa mai ƙosai da kuɗinta a ƙunshe cikin leda, duk sun sha mai. Wani yaro mai taye ya cike mini fom, har yana cewa banki zai ranta mini in ƙara saye. Allah Ya tsare ni da wannan. Na dawo gida da takarda ɗaya ina taƙama. Hajiya ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce, "To, me take ci? Yaushe za ta haihu?" Sannan ta ce wannan ai cinikin biri a sama ne.

Watan Satumbar 2008 bankin Lehman Brothers ya rushe a Amurka, saboda bashin gidajen da ko a hoto ban taɓa gani ba. Turawan da suka zuba kuɗi a kasuwar hannun jari ta Legas suka kwashe abinsu don su toshe ɓarakar gida. Gangar mai da ta kai dala 147 a Yuli ta faɗo ƙasa da 40 a Disamba. A Agustan 2009 Sanusi, wanda ya gaji Soludo, ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba musu naira biliyan 420. Takardata tana nan cikin akwati, ko ɗan akuya ba za ta saya ba.

Ku 'yan yanzu komai sai a waya, ko barka ma a waya kuke yi. Ban ce tunkiya ba ta mutuwa ba, ga ɓarayin daji, ga tsadar dusa. Taki dai da aka ba ki ranar sunanki, jikokinta ne suka saya miki gado da katifa.

Batun turke kuwa, akwai fili a bayan ɗakin Innarki. Ki gaya wa maigidan naki ya kira ni bayan Isha.