Hukuncin koya wa 'yan firamare zane: akuyar allo da saniyar laka

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni malama ce a wata firamare a nan Maraɗi, ina riƙe da 'yan aji uku, kuma akwai darasin zane da shafa launi a jadawalinmu. Nakan zana musu akuya ko zakara a allo su kwafa. Wani lokaci nakan kawo laka mu ƙera shanu da raƙuma, waɗanda suka yi kyau in jera su a bakin taga. Yayan maigidana ya ce duk haramun ne, albashina ma akwai shubuha, in kuma dole ne to in riƙa jan layi a wuyan dabbar. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, ki kwantar da hankalinki, albashinki halal ne, ki ci ki ciyar da iyalinki.

Zanen bishiya, gida, rumbu, gulbi da duk abin da ba shi da rai ya halatta, mazhabobi huɗu sun haɗu a kan haka.

Maganar yayan maigidanki tana da asali, kada ki raina shi. Imam Nawawi ya tafi a kan cewa surar mai rai haramun ce, ko tana da inuwa ko ba ta da ita. Sai dai yayan maigidan naki ya kawo miki ra'ayi ɗaya kamar babu wani, kuma ba shi ne na mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta ba. Shehu Dardir, a sharhinsa na Mukhtasar na Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya bayyana cewa haramcin yana kan surar mai rai wadda take da jiki mai inuwa, gaɓoɓinta kuma cikakku. Wadda aka zana a bango ko takarda makaruhi ce in ana girmama ta, in kuwa abin takawa ce ko yasarwa, iyakarta saɓa wa abin da ya fi. To ina matsayin akuyar alli, wadda yaro zai goge da tsumma kafin a shiga darasin lissafi?

Malikawa ba da ka suka faɗi wannan ba. A Bukhari da Muslim, Busru ɗan Sa'idu ya je gaida Zaidu ɗan Khalid da ba shi da lafiya, ya ga labule mai sura a ƙofarsa. Ya yi mamaki, domin Zaidu ne ya ba su hadisin surori. Abokin tafiyarsa Ubaidullahi ya ce masa: ba ka ji Zaidu ya ce ban da zane a tufa ba? Da Nawawi ya kira ra'ayin halatta surar da ba ta da inuwa ɓatacce, Ibnu Hajar bai bar maganar ta wuce ba. Ya nuna an ruwaito shi da isnadi ingantacce daga Alƙasim ɗan Muhammad, jikan Sayyidina Abubakar, ɗaya daga manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina. Mas'alar da irin waɗannan suka saɓa a kanta, ba a haramta wa mutum abincinsa da ita. Ga shi kuma zanenki na koyarwa ne, masu kwafar ma alƙalami bai hau kansu ba.

Layin wuya kuwa ba ya canza komai. Malamai sun ce akwai tsuntsayen da Allah ya halitta da zobe a wuya, ki dubi kurciya. Wanda yake son fita daga saɓani, sai ya bar zana kan gaba ɗaya ko ya shafe fuskar.

Inda na tsaya a wasiƙarki shi ne bakin tagar nan. Saniyar laka tana da inuwa, tana da ƙafa huɗu da ƙaho, sharuɗɗan sun cika a kanta. Yaro ya ƙera ta ya yi wasa, wannan akwai sauƙi, domin Nana A'isha ta yi wasa da 'yartsana a gidan Annabi (SAW), sahabbai mata kuma sun yi wa yaransu abin wasa na ulu ranar Ashura. Amma ke baliga ki ƙera cikakkiya da hannunki, sannan a kafa ta ana kallo har ƙarshen shekara, ta tashi daga abin wasa ta koma mutum-mutumi. Ki sauke su. Yara su tafi da nasu gida, ko a jiƙa lakar a sake aiki da ita. Ke kuma ki ƙera musu tulu, murhu da rumbu, hannunsu zai faɗa da su kamar yadda zai faɗa da raƙumi.

Ban so tsoro ya sa ki yi wa darasin riƙon sakainar kashi. Yaron da ya iya jan miƙaƙƙen layi da da'ira, rubutunsa na boko da na allo duka za su gyaru. Ki tsinko ganyen dogon yaro ki ajiye a gaban kowa, ya ƙirga 'yan ganyayyakin, ya lura da bakinsu mai kama da zarto kafin ya ɗora fensir. Ki bar su su haɗa shuɗi da rawaya da hannunsu su ga kore ya fito. Zayyanar allon sauka da dagin da ake yi a bangon gida da gaban riga ma darasi ne babba. Kada ki matsa wa iyayen da ba su da hali kan sayen fenti. Gawayi, jar ƙasa da ruwan zoɓo sun isa fara aiki.

Annabawa, mala'iku da sahabbai ba a zana su ko da wasa. Takardar da yaro ya rubuta bisimilla a samanta kada ta bi shara. Fentin mai yana daskarewa a fata ya hana ruwan alwala shiga, sai ki kankare shi kafin azahar, na ruwa kuwa wanki ɗaya ya ishe shi. In ƙaramar yarinya ta kawo miki zanen innarta tana murna, kada ki tsorata ta da wuta, ki yaba mata, ki nuna mata yadda ake zana tabarmar da innar take zaune a kai.

Yayan maigidanki kuma kada ki yi jayayya da shi. Ki ba maigidan wannan amsa, shi ya kai masa cikin ladabi.

Wallahu a'alam.