Finafinan kaset na Japan da abin da suka haifar

Tambaya: Malam, na ji an ce fim ɗin ban tsoro na Amurka mai suna The Grudge, asalinsa fim ɗin kaset ne na Japan wanda ko sinima bai shiga ba. Shin haka ne? Ta yaya ƙaramin fim zai yi nisa haka?

Amsa: Haka ne kuwa. Darakta Takashi Shimizu ya fitar da fim ɗin Ju-on kai tsaye a kaset a shekarar 2000. Masu haya suka yi ta ba juna labarinsa har aka ba shi dama ya shirya wani sabon Ju-on domin sinima, sannan a 2004 shi da kansa ya ba da umarni a na Amurka.

Wannan kasuwa ta finafinan da ake fitarwa kai tsaye a kaset ana ce mata V-Cinema, sunan da kamfanin Toei ya raɗa mata a 1989, lokacin da ya fitar da fim ɗin Crime Hunter. Masu zuwa sinima sun ragu, shagunan hayar bidiyo kuwa sun cika birane. Sai aka shiga buga musu finafinan 'yan daban yakuza, da na caca, da na fatalwa, da kuɗi kaɗan cikin ƙanƙanin lokaci. Da yawa ba su da inganci, wasu ma cin zarafin mata ne tsagwaronsa, kuma ba zan wanke su ba.

Abin da ya sa nake girmama kasuwar shi ne 'yancin da ta bai wa matasan daraktoci. Muddin fitaccen jarumi irin Sho Aikawa ko Riki Takeuchi yana kan kwalin, aka kuma gama aiki a kan kari, furodusa bai cika sa baki ba. Rashin kuɗi ya koya musu tsoratar da mai kallo da shiru, da lungun ɗaki, da mace mai dogon gashi tsaye can nesa. Norio Tsuruta ya gwada wannan salo a kaset tun 1991, kafin fim ɗin Ringu ya kai salon duniya a 1998.

Darakta Takashi Miike a wannan kasuwa ya fara a 1991, yana fitar da finafinai da dama a shekara guda. Kiyoshi Kurosawa, wanda ba ɗan'uwan fitaccen darakta Akira Kurosawa ba ne, ya yi jerin finafinan kaset tare da Aikawa kafin fim ɗinsa na sinima mai suna Cure na 1997. A 2020 ya karɓi kyautar gwarzon darakta a bikin finafinai na Venice.