Yadda feftaid masu kashe bakteriya ke lalata tantanin maiƙo

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin tambayi yadda gajerun sarƙoƙin amino asid da ake kira feftaid suke kashe bakteriya su bar ƙwayoyin jikinmu, da kuma ko gaskiya ne bakteriya ba ta iya bijire musu. Na daɗe ina duba ayyukan ɗaliban biyokemistiri a nan Sakkwato, kuma na lura yawancinsu suna haddace sunayen ire-iren ramukan da feftaid ke hudawa a tantanin da ke lulluɓe bakteriya, su manta da abin da ke faruwa kafin rami ya samu.

Tantanin bakteriya maiƙo ne ruɓi biyu, mai ɗauke da cajin negatif saboda wasu nau'o'in maiƙo biyu, fosfatidilgilisarol da kadiyolifin, feftaid ɗin kuwa fozitif ne, gefensa ɗaya na son ruwa, ɗayan na son maiƙo. Caji ne ke jawo shi, sai ya kwanta a saman tantanin yana kutsawa tsakanin kawunan maiƙon, yana buɗa su, har tantanin ya rage kauri. Masanin kimiyya Huey Huang na Jami'ar Rice a Amurka ya auna wannan sirancewar, ya nuna cewa sai feftaid ya taru ya kai wani adadi kafin ya miƙe tsaye ya huda. Daga nan kowane feftaid da salonsa: alametisin kan jeru ya zama bangon ramin da kansa, magainin, wanda Michael Zasloff ya gano a fatar wani kwaɗon Afirka a 1987, yakan lanƙwaso maiƙon ya shiga bangon tare da shi, wasu kuma su lulluɓe tantanin su tarwatsa shi kamar yadda sabulu ke yi wa maiƙon kwano.

Ƙwayoyinmu suna tsira ne domin gefen waje na tantaninsu kusan babu caji, kuma kolestarol yana ƙara masa tauri. Kariyar ba cikakkiya ba ce, domin melitin, feftaid na dafin ƙudan zuma, yana fasa jajayen ƙwayoyin jini. Saboda haka in za ki gwada wani feftaid, ki haɗa da gwajin ko yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, ki kuma kula da gishirin ruwan gwajin, don yawansa yana raunana jan cajin.

Batun bijirewa kuwa, ban yarda da masu cewa ba ya yiwuwa ba. Bakteriya takan rage cajinta, kuma a 2015 an gano ƙwayar gadon mcr-1 a Sin, wadda ke sa bakteriya ta sauya maiƙon da kolistin, wani feftaid da ake amfani da shi a matsayin magani, ke kamawa. Wannan ne ya sa hankalina ke tashi idan na ga ana zuba wa kaji kolistin ba da umarnin likitan dabbobi ba.