Tarewa kafin gini ya kammala

Malam, ka tambaya ko ka tare da iyali a gidan da kake ginawa tun bai kammala ba, don ka huta da biyan haya. Ka tare. Kuɗin hayar shekara guda gara ka zuba shi a bulo da siminti.

Sai dai a fara rufa ɗaki biyu da kwano, a sa ƙofa da taga, a gama banɗaki. Mu da muka tare gab da damina, ramin sokawe ne ya tayar mana da hankali, yana buɗe yara na wasa a bakinsa. Maiɗakina ba ta samu natsuwa ba sai da aka rufe shi da kankare. Filasta da fenti kuwa sa jira.